Auduga a Kan Bishiyar Roba: Daga Ina Al'adun Kirsimeti Suka Fito?

Duk wanda ya shiga manyan kantuna a Kaduna ko Jos ko Abuja a watan Disamba zai tarar da wata bishiyar roba a bakin ƙofa, an nannaɗe ta da ƙananan fitilu, an yayyafa mata auduga. Audugar nan a madadin dusar ƙanƙara take. A waje kuwa hazo ne da ƙurar hunturu, leɓɓa sun tsattsage, kowa na neman man shafawa. Gefen bishiyar sai ka ga wani tsoho mai farin gemu cikin jar riga mai kauri, irin wadda aka ɗinka domin sanyin da ke daskarar da kogi. Tun ina yaro abin nan yake ɗaure mini kai. An ce bikin na tunawa da haihuwar Annabi Isa ne (AS), wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, kuma a Baitalami ta ƙasar Falasɗinu aka haife shi, ƙasar zaitun da tumaki. To me ya haɗa shi da ƙanƙarar arewacin Turai?

Kirsimeti kamar tsohon gidan gado yake. Kowane zamani ya zo ya yi nasa ɗakin, har ya zamana zauren da baƙo ke fara gani shi ne ginin baya-bayan nan. Ƙanƙarar da bishiyar da tsohon nan duk kayan zaure ne, kuma siffar da muka san su da ita yau ba ta wuce shekara ɗari biyu ba. Sai an kutsa ciki ake samun tsofaffin ɗakunan.

Ranar kanta ita ce ɗaki na farko. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce 25 ga Disamba. Cikin Linjila huɗu, biyu ne kawai suka kawo labarin haihuwar, ta Matiyu da ta Luka. Luka ya yi maganar ƙidayar jama'a da ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami, da rashin masauki, da kwantar da jariri a komin dabbobi, da makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu. Matiyu ya kawo masana taurari daga gabas da kyautarsu ta zinariya da lubban da mur, da sarki Hirudus, da gudu zuwa Masar. Babu wanda ya ambaci wata, balle rana. Ko yawan masanan nan ba a faɗa ba. Ukun da ake zanawa daga adadin kyaututtukan aka ɗauko shi.

Kiristocin farko ma ranar ba ta dame su ba, domin babban idinsu Ista ne, wato tunawa da tashin Almasihu daga matattu a imaninsu. Wajen shekara ta 200, wani malaminsu na Iskandariyya mai suna Clement ya rubuta ranakun da mutane ke hasashe, wasu sun ce Afrilu, wasu Mayu, Disamba ba ta cikin jerin. Bayansa Origen, shi ma na wannan birni, ya lura cewa a littattafansu Fir'auna da Hirudus ne aka gani suna shagalin ranar haihuwarsu, don haka bai ga abin koyi a ciki ba. Shaida mafi tsufa a kan 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kalanda na birnin Rum da aka haɗa a 354, wanda ya nuna ana kiyaye ranar tun 336, shekara ashirin da 'yan kai bayan sarki Constantine ya halatta addinin a 313. Daga Rum ta yi gabas. A 386 wani babban malamin coci, John Chrysostom, yana wa'azi a Antakiya, yana gaya wa jama'a cewa bikin bai kai shekara goma da isowa garinsu ba.

Me ya sa aka zaɓi wannan rana? Masana tarihi sun kasu biyu. Ɓangare ɗaya ya ce coci ta dubi abin da Rumawa suka saba ne. Daga 17 ga Disamba suna da bikin Saturnalia, kwanaki na ci da sha da musayar kyauta da kunna kyandir, har iyayengiji su yi wa bayinsu hidima. Ranar 25 kuma, a lissafinsu, ita ce ranar da dare ke kaiwa iyakar tsawonsa, rana ta soma ƙaruwa, kuma tun 274 sarki Aurelian ya ɗaukaka bautar rana a birnin. Sai aka ɗora sabon biki a kan tsohon lokaci. Ɗaya ɓangaren ya ce lissafi ne na cikin gida. Akwai tsohon tunani cewa ranar da Kiristoci suka yi imani an gicciye Almasihu ita ce kuma ranar da aka ɗauki cikinsa. A cocin yamma sun tsayar da 25 ga Maris. Ƙara wata tara, ka faɗa 25 ga Disamba. A gabas sun tsayar da 6 ga Afrilu. Ƙara wata tara, ka faɗa 6 ga Janairu, wadda ita ce ranar da cocin gabas suka fara riƙewa.

A ganina bayani na biyu ya fi warware maganar ranar, tunda shi ya nuna dalilin samun ranaku biyu masu tsari iri ɗaya. Na farko kuma ya fi warware maganar ɗabi'u, domin mutanen da suka saba shagali a tsakiyar sanyi ba su bar shi a ƙofar coci ba. Masu cewa kai tsaye bikin maguzawa ne aka sauya wa suna sun wuce inda shaida ta tsaya: kundin nan na 354 shi ne kuma wuri na farko da aka ga an rubuta bikin bautar rana a 25 ga Disamba.

Har yau ba a taru a rana guda ba. Cocin Armeniya tana nan a kan 6 ga Janairu. Rasha da Sabiya da Jojiya da Masar da Habasha kuwa 7 ga Janairu suke yi, kuma nasu saɓanin na kalanda ne. Tsohuwar kalandar Julius Kaisar ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da kwata, wanda ya ɗara shekarar rana da kusan minti goma sha ɗaya. Ƙanƙanin abu ne, amma yana tara kwana guda duk bayan shekara 128. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya yi gyara, aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Yawancin cocin gabas ba su bi umarnin Rum ba, kuma ratar yanzu ta kai kwana goma sha uku. Wato a kalandar cocin Rasha ranar 25 ga Disamba ce, mu ne muke ganinta 7 ga Janairu. Mu da muka san yadda ganin wata kan raba gari biyu a Sallah ba za mu yi mamakin yadda kalanda ke zama maganar wa ke da ikon faɗa a ji ba. A 2023, ana tsakiyar yaƙi, Ukraine ta mayar da hutunta 25 ga Disamba domin ta raba hanya da Moscow.

Wanda ke son ganin tsohon ɗakin da idonsa, a Afirka zai same shi. Kibɗawan Masar, wato Kiristocin ƙasar, sukan yi azumin kwana arba'in da uku kafin idi, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Daren 6 ga Janairu su cika coci har tsakar dare, sannan a koma gida a buɗe baki da fatta, wato shinkafa da gurasa da romon nama da tafarnuwa. Akwai kuma kahk, wani ɗan biskit mai garin sukari, wanda shi ne dai Musulmin Masar ke yi a ƙaramar Sallah. A Habasha, inda Kiristanci ya zama addinin fada tun ƙarni na huɗu zamanin sarki Ezana na Aksum, tun arewacin Turai na bautar gumakansu, sunan bikin Genna. Dubban mutane sanye da fararen mayafan auduga kan taru a Lalibela, wurin cocin nan da aka sassaƙa daga dutse, wasunsu bayan tafiyar kwanaki a ƙafa, su kwana tsaye suna addu'a da waƙa. Da gari ya waye samari su fita wani wasa mai kama da ƙwallon gora, shi ma sunansa genna, wanda ake cewa makiyayan Baitalami ne suka yi shi don murna. Abincin ranar injera ne da miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai. Kyauta ba ta da wani babban gurbi. Ibada ce, sai cin abinci tare bayan doguwar yunwa, kuma ni dai a nan nake ganin bikin ya fi kama da abin da ya ce yana tunawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Kiristoci da kansu sun taɓa haramta Kirsimeti. A Ingila ta ƙarni na 17 bikin ya zama na titi: shaye-shaye, caca, talakawa na bi gida-gida suna waƙa suna neman a ba su abinci da abin sha, siffar da wanda ya san tashe zai gane, sai dai nasu na manya ne kuma yakan kai ga barazana. 'Yan tsantseni da ake kira Puritan suka ce babu nassin da ya umarta, ga kuma ɓarna. A 1647 majalisar dokoki ta soke bikin, aka ce a buɗe kantuna ranar, har aka yi tarzoma a Canterbury. Sai 1660, da sarauta ta dawo, ya dawo. 'Yan uwansu da suka ƙaura Amurka sun kafa doka a Massachusetts a 1659: duk wanda aka kama yana bikin zai biya tarar sule biyar. Dokar ta kai 1681. A Scotland kuwa sai 1958 ranar ta zama hutu. Daga baya gwamnatocin gurguzu suka yi nasu hanin. Tarayyar Sobiyat ta kawar da bikin a ƙarshen shekarun 1920, amma da ta ga jama'a ba su saki bishiyar ba sai a 1935 ta mayar da ita ta sabuwar shekara, kuma har yau a Rasha daren 31 ga Disamba ake raba kyauta. Kuba ta soke hutun a 1969 saboda aikin yankan rake, ta dawo da shi a 1997 gab da ziyarar Fafaroma John Paul na biyu.

Zauren da muke gani yau ƙarni na 19 ya gina shi, a Ingila da Amurka. Masana'antu sun kwaso mutane daga ƙauye, an sami masu matsakaicin hali da ke son bikin da za a yi a cikin gida, a rufe ƙofa, yara su zama su ne tsakiyarsa. Bishiyar al'adar Jamusawa ce; akwai rubutu na 1605 da ya bayyana yadda mutanen Strasbourg ke kafa ta a ɗaki suna rataya mata tuffa da furannin takarda. Dalilinta a fili yake: a ƙasar da duk itatuwa ke zubar da ganye a hunturu, wadda ta tsaya kore alama ce ta rai. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, Bajamushe, da 'ya'yansu kewaye da bishiya, sai kowane gida ya so tasa. Katin gaisuwa na farko na sayarwa Henry Cole ya sa aka buga a 1843, guda dubu. Amurka ta mayar da ranar hutun ƙasa a 1870. Fitilun lantarki sun hau bishiya a New York a 1882, suka soma maye gurbin kyandir da ke yawan jawo gobara.

Shi kuwa tsohon mai jar riga, Santa Claus, labarinsa ya fi ban tausayi. Asalinsa Nicholas ne, bishop na garin Myra a ƙarni na huɗu, wurin da yau ake kira Demre a kudancin Turkiyya, bakin teku mai ɗumi. Labarin da aka fi saninsa da shi duk uba Bahaushe zai ji shi a jikinsa. Wani mutum ne ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi da abin yi musu kayan ɗaki, har ana tsoron za su faɗa mummunar hanya. Nicholas ya bi dare ya jefa ƙunshin zinariya ta taga, aka aurar da ta fari. Ya sake, aka aurar da ta biyu. A karo na uku uban ya yi kwanto ya kama shi, shi kuma ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, kuma a ranar Turawa suka daɗe suna ba yara kyauta. A Holan har yanzu daren 5 ga wata ake yi, da sunan Sinterklaas. Bayan Martin Luther, wanda ya jagoranci ɓallewa daga cocin Katolika, Furotesta a Jamus da ba sa son girmama waliyyai suka matsar da kyautar zuwa jajiberin Kirsimeti. A New York sunan ya rikiɗe zuwa Santa Claus. Wata waƙa da aka buga a jaridar garin Troy a 1823 ta ba shi barewar ƙasashen ƙanƙara guda takwas masu jan keke, ta kuma sa shi shiga gida ta bututun hayaƙi. Mai zane Thomas Nast ya soma fito da siffarsa daga 1863. Kamfanin Coca-Cola, da tallansa na 1931 zuwa gaba, bai ƙirƙiro jar rigar ba, amma shi ya kai ta kowane lungu na duniya. Mutumin da ya yi kyauta cikin dare don kada a san shi, ya rufa wa talaka asiri, yau shi ake tsayarwa a ƙofar kanti yana kiran masu saye. Wannan yana damuna ƙwarai.

Duk da haka kayan zauren ba su shafe komai ba. A Filifin tun Satumba ake fara jin waƙoƙin bikin, kuma daga 16 ga Disamba ana fita coci da asuba kwana tara a jere, al'adar da ta samo asali zamanin mulkin Sifaniya domin manoma su yi ibada kafin su tafi gona. Alamarsu fitila ce mai siffar tauraro ta gora da takarda. A Meziko, cikin waɗannan kwanaki tara, unguwa kan fito tana kwaikwayon Yusufu da Maryamu, ana ƙwanƙwasa ƙofa ana neman masauki da waƙa, ana korarsu, har a kai gidan da zai buɗe. A Sifaniya yara sai 6 ga Janairu suke jiran kyauta, daga hannun masanan gabas. A Ostiraliya tsakiyar zafi ne, bakin teku ake tafiya.

Wadda ta fi shiga raina ita ce ta Poland. Ranar jajiberi ba a zama cin abinci sai yara sun hango tauraron farko. Ba a cin nama, kifi ne da miya da sauran kayan gona. Kafin a fara, kowa zai ɗauki wata siririyar waina ya bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya gutsura masa, a yi wa juna fatan alheri, a yafe abin da ya wuce. Sannan ana barin kujera guda da faranti babu kowa, ko da wani baƙo zai ƙwanƙwasa. Labarin da aka ƙi wa mace mai ciki masauki ne ya koma ɗabi'ar gida. Mu ma muna cewa baƙonka annabinka.

Japan ita ce ɗaya ƙarshen. Kiristoci ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ranar ma ranar aiki ce, amma tun tallan da kamfanin abinci na KFC ya fara a 1974 soyayyar kaza ta zama abincin daren, har sai an yi oda makonni kafin lokaci. Can zaure kaɗai aka ɗauka. Su kuma fitilun da bishiyoyin roba da hulunan da ake gani daga Legas har Landan, kaso mai yawa daga birnin Yiwu na ƙasar Sin suke fitowa, daga hannun ma'aikatan da akasarinsu ba sa bikin.

A nan gida abin ya ɗauki kamannin Sallah, kuma ba abin mamaki ba ne. Sabon ɗinki, tela ya kwana kan keke, shinkafa da miya da kaza ko akuya, yara su yi yawon gaisuwa a ba su 'yan kuɗi, tasha ta cika da masu komawa gida, kuɗin mota ya ninka. A Wusasa ta Zariya, inda akwai Hausawa Kiristoci tun zamanin Baturen mishan Dakta Walter Miller, da garuruwa da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, da Hausa ake wa'azi, da Hausa zumuntar mata ke rera waƙa suna kaɗa tulu, tunda an kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932. A unguwannin da ake zaune a cakuɗe kwano yakan tsallaka katanga a Disamba, ya dawo da naman layya a babbar Sallah. Rikice-rikicen da suka raba Kaduna da Jos gida biyu sun rage wannan zumunci, kuma asara ce da ba a cika lissafa ta ba idan ana ƙidayar abin da aka rasa. Nauyin hidimar ma iri ɗaya ne da wanda muka sani: uban da albashinsa bai kai ba yana cin bashi domin kada 'ya'yansa su fita da tsohon kaya cikin tsara.

Baitalami, inda labarin ya faro, sau uku take bikin a shekara, a coci guda da aka fara ginawa zamanin Constantine a kan kogon da ake cewa nan ne wurin haihuwar. Katolika su yi a 25 ga Disamba, 'yan Orthodox, wato cocin gabas, a 7 ga Janairu, Armeniyawan Ƙudus kuma, da suka haɗa tsohuwar rana da tsohuwar kalanda, sai 19 ga Janairu. Garin da baƙi yake ci: masu otal, masu sassaƙa itacen zaitun, masu yi wa maziyarta jagora, Kirista da Musulmi. A Disambar 2023, saboda yaƙin Gaza, shugabannin coci suka dakatar da shagulgulan, ba a kafa bishiya a dandalin gari ba, ba a kunna fitilu ba. A cocin Lutheran na garin, Fasto Munther Isaac da jama'arsa suka tara ɓaraguzan gini a inda aka saba ajiye kwaikwayon komin dabbobin da aka kwantar da Yesu a ciki, suka kwantar da 'yar tsanar jariri a kai, naɗe da rawanin Falasɗinawa, aka kunna kyandir guda a gefensa.